Ƙirar Kalmomin Kimiyya: Darasin Indunisiya ga Ɗalibin Kanya

A ƙasar Zuru, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta Jihar Kebbi, akwai gari mai suna Kanya. Sunan garin ya zo ɗaya da na wata itaciya wadda da wuya a sami yaron karkara da bai taɓa shan 'ya'yanta ba, wadda kuma masana tsirrai ke kira *Diospyros mespiliformis*. Abin da ba kowa ya lura da shi ba game da kanya shi ne jinsi biyu ce. Akwai namiji, akwai mace. Namijin yakan yi fure amma ba ya yin 'ya'ya, ita kuwa macen ba ta ɗaukar 'ya'ya sai ƙwari irin su ƙudan zuma sun kwaso garin furen namijin sun kai wa nata furen. Wannan aiki yana cikin manhajar ilimin halittu ta makarantun sakandare, kuma a littafin Turanci kalma guda ce ke ɗauke da shi.

To, a ɗauki misalin malamin da ke koyar da wannan darasi a Kanya. Ya karanta abin da ke cikin littafi, ya dubi fuskokin ɗalibai, ya ga alamar ba su kama ba. Sai ya juya harshe zuwa Hausa, kamar yadda malamai da yawa kan yi, ya ce abin da ake nufi shi ne "ɗaukar garin furen namiji zuwa furen mace". Bayanin ya yi daidai, yara kuma sun gane. Sai dai kalmomi bakwai ke nan aka jera a gurbin guda. Da zarar darasi ya ci gaba, malam zai bukaci sunan ƙwaron da ke yin aikin, da siffar furen da aka riga aka yi wa aikin, da ta wanda ba a yi wa ba. Kowane ɗaya sai ya sake jan wata doguwar jimla, har ya gaji ya koma Turanci. Daga nan ne ɗalibi kan ɗauka cewa Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya, alhali laifin na hanyar da aka bi wajen samar da kalmar ne. An ba shi bayani a inda ake bukatar saiwa, ita kuwa doguwar jimla ba ta tsirar da wasu kalmomi.

Akwai wasu ƙasashe biyu a kudu maso gabashin Asiya, Indunisiya da Maleshiya, da suka fuskanci irin wannan matsala, suka kuma yi maganinta da kayan aikin da Hausa ma tana da irinsu.

Yaren kasuwa da ya shiga jami'a

Harshen Malay ya daɗe yana matsayin harshen fatauci a tsibiran wannan yanki, kamar dai yadda Hausa take a kasuwannin Afirka ta Yamma. Har ma akwai kalmomin Larabci da harsunan biyu suka ara kowa ta tasa hanyar: *ilmu* da ilimi, *kabar* da labari, *waktu* da lokaci, *dunia* da duniya. A ranar 28 ga Oktoba, 1928, matasan Indunisiya, ƙasar da ke da harsuna sama da 700, suka yi taro suka ɗauki alkawarin riƙe harshe guda na haɗin kai, wato wannan Malay ɗin, da sunan *bahasa Indonesia*. A lokacin, harshen Holan ne harshen ilimi mai zurfi. Da Japan ta mamaye ƙasar a 1942 ta hana aiki da harshen Holan, sai tilas ta sa aka kafa hukumar harshe, wadda marubuci Sutan Takdir Alisjahbana yake cikin jigoginta, aka ƙirƙiro dubban keɓaɓɓun kalmomi cikin 'yan shekaru. Tsarin mulkin 1945 ya tabbatar da harshen a matsayin na ƙasa. A Malaya kuma aka kafa hukumar Dewan Bahasa dan Pustaka a 1956, sannan a 1970 aka buɗe Universiti Kebangsaan Malaysia domin koyarwa da Malay. A 1972 ƙasashen biyu suka daidaita ƙa'idar rubutu, suka kafa majalisar haɗin gwiwa ta harshe, wadda Burunai ta shiga a 1985. A wannan gyaran ne *Djakarta* ta koma *Jakarta*, kuma sautin da Indunisiya ke rubutawa da *tj*, Maleshiya da *ch*, ya koma *c*, daidai da yadda Bahaushe ke rubuta ciki da cokali.

Hukumomi da majalisu ba su ne asirin nasarar ba, domin kowace ƙasa tana iya kafa kwamiti. Asirin yana cikin ɗafi, wato ɗan guntun da ake liƙa wa saiwar kalma a goshi, ko a ƙeya, ko a ciki, don a fitar da sabuwar ma'ana. A ɗauki saiwar *ajar*, mai ma'anar koyo da koyarwa. Daga cikinta ake samun *belajar*, yin karatu, *mengajar*, koyarwa, *pelajar*, ɗalibi, *pengajar*, malami, *pelajaran*, darasi, da *terpelajar*, mai ilimi. Yaron da ya san saiwar, ya kuma san aikin kowane ɗafi, ya san kalmomin shida tun kafin ya buɗe ƙamus.

Masana kimiyyar ƙasashen sun hau kan wannan tsari ne suka gina kalmominsu. *Tumbuh* na nufin tsirowa. Da aka ɗafa mata *-an* sai ta zama *tumbuhan*, tsiro, da aka kama ta goshi da ƙeya da *per-* da *-an* sai ta zama *pertumbuhan*, girman halitta. *Napas* numfashi ne, *pernapasan* kuwa shi ne aikin numfashi kamar yadda ake nazarinsa a aji. Daga *cerna* aka sami *pencernaan*, narkewar abinci. Daga *uap*, tururi, aka sami *penguapan*, tashin ruwa ya zama tururi. Daga *kecambah*, ɗan tsiron da ya fasa ƙwaya, aka sami *perkecambahan*. Shi kuma aikin nan da ya wahalar da malamin Kanya, a Indunisiya an ɗauko kalmar *serbuk* ce, wato gari ko hoda, wadda kowace mai girki ta sani, aka fitar da *penyerbukan*. A Maleshiya garin fure *debunga* ne, aikin kuma *pendebungaan*.

Mai karatu zai lura cewa *s* ɗin *serbuk* ta ɓace a cikin *penyerbukan*. Ƙa'ida ce ta harshen: wasu ɗafa-goshi suna ƙarewa da sautin hanci wanda kan sauya gwargwadon baƙin da ya tarar, wani lokaci har ya haɗiye shi. Don haka *tulis*, rubuta, kan koma *menulis*. *Pukul*, buga, ta koma *memukul*. *Sapu*, share, ta koma *menyapu*. *Kirim*, aika, ta koma *mengirim*. Akwai ma ɗafa-ciki, ko da yake ba ya haihuwa sosai yanzu: *tunjuk* nuni ne, *telunjuk* kuwa yatsan nuni, wanda Bahaushe ma ya kira manuniya ta irin wannan tunani.

Kayan aikin da ke gida

Duk wanda ya yi darasin ginin kalma a ajin Hausa zai ji kamar labarin gidansu ake ba shi. Ɗafa-goshin *ma-*, tare da wasalin da ke rufe kalmar, yana fitar da mai aiki, kamar manomi da maƙeri da marini. Yana fitar da wurin aiki, kamar makaranta da majema da mahauta. Yana kuma fitar da abin aiki, kamar mabuɗi da magirbi da ma'auni. Sauyin sauti ma akwai shi: *t* kan koma *c*, *z* kan koma *j* a gaban wasalin *i*, shi ya sa haukata ta ba da mahaukaci, ciza kuma ta ba da maciji, wato mai cizo. Jam'in birni da turmi, birane da turame, ɗafa-ciki ne. Aikatau kuwa ya fi kowa arziki. F. W. Parsons ya tsara shi giredi bakwai a 1960, kuma saiwa guda kan ba da saya, da saye, da sayo, da sayar, da sayu, kowace da tata ma'ana. Sai dai a yi hattara, ba kowace *ma* ce ɗafi ba. Ta mage da masara da mangwaro cikin jikin kalma take, kamar yadda *me* ɗin *merah*, ja, da *meja*, tebur, take a Indunisiya.

Abin da ya kamata ya ba malamin ilimin halittu kunya shi ne kakanni sun riga shi fara wannan aiki, ba tare da kwamiti ba. Mahauta da unguwarzoma ne suka raɗa wa sassan jiki suna da ɗafi: mahaifa daga haifa, mafitsara daga fitsari, maɗaciya daga ɗaci, mahaɗa daga haɗa, mabiyiya daga bi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana bayyana aikin gaɓar ko halinta, abin da ɗalibi kan sha wahala kafin ya gano a sunayen Latin. A fagen cututtuka kuma akwai ɗafa-ƙeyan *-au*. Sanƙarau ya fito daga sanƙare, saboda yadda wuyan majiyyaci ke ƙagewa. Da wata sabuwar cuta mai karya garkuwar jiki ta bayyana a shekarun 1980, sai aka bi wannan sawun aka ce ƙanjamau, daga ƙanjame. Kalmar ta shiga bakin jama'a nan da nan, domin ƙirarta ba baƙuwa ba ce a kunne. Ana iya kushe ta da cewa ta siffanta ramar da ke zuwa a ƙarshen ciwo kawai, alhali mai ɗauke da ƙwayar kan yi shekaru jikinsa lafiya lau, kuma wannan suka ce mai tushe. Darasin da ke ciki shi ne kalmar da aka ƙera da ɗafi tana saurin kama ƙasa, saboda haka dole mai ilimin abin ya kasance a wurin tun ranar suna.

Masana harshe sun nuna cewa abin yana yiwuwa a matakin jami'a. A ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Dalhatu Muhammad ya shirya, wanda ya fito a 1990, da littattafan da suka biyo baya, an ɗauki ganɗa da leɓe an ɗafa musu *-nta*, aka sami ganɗantawa da leɓantawa. Su kansu kalmomin saiwa da tsira da ake aiki da su a ilimin ginin kalma, daga gona aka aro su. Yau ana rubuta kundin digiri na uku a kan nahawu da Hausa zalla. Ilimin halittu kuwa, wanda kayan aikinsa ke zube a kowace gona da kowace mahauta, har yanzu yana rarrafe da dogayen jimloli, duk da cewa tun 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi guda.

A koma ga furen kanya. Manomin gero yana da kalmar da littattafan kimiyya suka tsallake, wato bununi, garin nan da ke bayyana a jikin zangarniya bayan ta fito. Ya san cewa idan ruwa mai ƙarfi ya wanke bununi, zangarniya ba ta cika ido yadda ya kamata. Ashe ke nan ya san aikin garin fure tun kafin ɗansa ya shiga aji. Idan aka ɗauki wannan kalma a matsayin saiwa aka bi ƙa'idar da ta ba da gajarta daga gajere da Musulunta daga Musulmi, za a sami aikatau *bununta*. Aikin ya zama *bununtawa*, ƙudan zuman da ke yin sa ya zama *mabununci*, jam'insa *mabununta*, furen da aka yi wa aikin *bununtacce*, idan aikin ya kammalu kuma a ce fure ya *bununtu*. Waɗannan shawara ce kawai, babu hukumar da ta amince da su, mai yiwuwa ma wani ya kawo abin da ya fi su daɗin faɗa. Amma ko a haka, malamin Kanya ya sami kalmomi shida daga saiwa guda, kuma zai iya faɗa a taƙaice cewa gero iska ce ke bununta shi, kanya kuwa sai da mabununta, don haka feshin maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba yana iya rage 'ya'yan itatuwa.

Tsarin yana da nasa cikas. Hausa harshe ne mai karin sauti, rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna shi. Maƙera na iya zama wurin ƙira, na iya zama masu ƙirar. Ma'auni na iya zama abin awo ko mai yin awon. A magana kunne yana rarrabewa, a takarda sai jimla ta taimaka. Wanda zai ƙera kalmar kimiyya tilas ya guji wadda za ta rikita mai karatu ta wannan fuska. Haka kuma ba kowace kalma ce ta cancanci a ƙera mata sabuwa ba. 'Yan Indunisiya da kansu sun ari *oksigen* da *sel* da *fotosintesis*, suka gyara rubutunsu kawai. Oksijin da kwamfuta sun riga sun zauna a bakin Hausawa, kuma an ga yadda "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta kasa ture kwamfuta, saboda tsawonta da kuma rashin 'ya'ya. Sunayen Latin na tsirrai da dabbobi kuwa na duniya ne baki ɗaya, ba mai taɓa su.

Babbar hujjar masu adawa ita ce jarrabawa. WAEC da NECO da JAMB da Turanci suke tambayar ilimin halittu, don haka, in ji su, ɓata lokaci ne a ɗora wa yaro kalmomin da ba za su fito a takarda ba. Suna kuma iya kafa hujja da Maleshiya, wadda ta mayar da koyar da kimiyya da lissafi zuwa Turanci a 2003. Sai dai a 2009 ta ba da sanarwar janye wannan tsari, aka fara komawa Malay daga 2012, kuma cikin dalilan da aka bayar har da yadda yaran karkara suka kasa bin darasi. A Nijeriya ma an sha kai da komo. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin, gwajin shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza a Turanci ba, a 2022 aka tsawaita tsarin zuwa ƙarshen firamare, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da soke shi. Duk yadda manufa ta juya, abu guda bai sauya ba: idan yara suka yi shiru a aji a Kanya, malam zai juya harshe. Tambayar ita ce ko zai juya zuwa kalmomi tsararru da ya tarar a littafi, ko kuwa zuwa abin da ya zo masa a baki a wannan safiya, wanda malamin aji na gaba zai faɗa daban. Bugu da ƙari, kalmomin kimiyya na Turanci su ma ɗafe-ɗafen Girkanci da Latin ne. *Foto* haske ne, *sintasis* haɗawa. Ɗalibin da ya saba warware mahaifa zuwa *ma-* da haifa zai fi saurin warware irin waɗannan, maimakon hadda irin ta aku.

Akwai wata hujja da ta fi ta jarrabawa nauyi a ƙasar Zuru. Yara da yawa a wannan yanki Hausa harshensu na biyu ne. A gida ana jin C'lela, ko Fakkanci, ko Dukkanci, ko Kambarci, kuma iyaye suna da hakkin su ji tsoron kada Hausar makaranta ta ƙarasa cinye abin da Hausar kasuwa ta rage. Wannan tsoro ba abin rainawa ba ne, domin a Indunisiya ma ƙananan harsuna da dama suna ja da baya a gaban harshen ƙasa. Amma akwai abin koyi a yadda masu ƙera kalmomi a can suka riƙa leƙa harsunan yankuna kafin su miƙa hannu waje. *Gambut*, sunan ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen ganye, daga harshen Banjar aka ɗauko ta. *Unduh*, wadda a harshen Jawa take nufin tsinkar 'ya'yan itace, ita ce ta ba da *mengunduh*, sauke abu daga intanet. Babu abin da zai hana sunan wata ciyawa ko wani ƙwaro da Hausa ba ta da shi ya shigo daga C'lela ya zama saiwa. Shi kuwa yaron da ya tashi da C'lela ba baƙon ɗafi ba ne ko kaɗan, don harshensa yana rarrabe sunaye da ɗafi fiye da yadda Hausa ke yi. Mutum guda K'lela ne, jama'ar Lelna, harshen C'lela, ƙasar kuma A'lela, duk a kan saiwa ɗaya, a inda Bahaushe ya ce Badakkare da Dakarkari da Dakarci. Malamin da ya fara darasi da waɗannan kalmomi huɗu a kan allo ya riga ya koyar da rabin abin da ake nufi da saiwa da ɗafi, kuma ya nuna wa yaro cewa harshen gidansu ma yana da ƙa'ida.

Cibiyoyin da za su ɗauki nauyin aikin suna nan. Cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da *Ƙamusun Hausa* a 2006, da Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, suna da masana ginin kalma. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana da masana tsirrai da dabbobi, kuma tana zaune a tsakiyar manoman da ke riƙe da kalmomin. Abin da ya rage shi ne a zaunar da ɓangarorin a kan teburi guda, da sharaɗi ɗaya: kada a amince da wata sabuwar kalma sai an gwada ta an ga tana ba da aikatau, da mai aiki, da siffa. Kafin a kai ga haka, ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Kanya da Ribah da Wasagu tana iya sayen littafin rubutu guda, a raba kowane shafi gida huɗu, na Turanci da na Latin da na Hausa da na harshen gida, a tura ɗalibai wajen manoma da mahauta da masu magani a lokacin hutun damina, a fara da sassan fure.